Wace kalma za mu sa wa allurar saran maciji?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Gobe 19 ga Satumba ranar wayar da kai kan saran maciji ce, kuma ina da shiri a rediyo ƙarfe takwas na safe. Sunaye na gama: kububuwa, kasa, kumurci, sai mesa da ba ta da dafi. Kalmar antivenom ce ta tsaya mini. Don Allah ku agaza.

Ɗan Gombe: Maganin dafi mana. Kar dai ki ce guba, guba ci ake yi ko sha.

Baban Sadiya: Magani ya yi faɗi, har na ciwon kai magani ne. Hausa tana da kalmarta tun kaka da kakanni: makari. Abin da ke karya dafi. Makarin dafi, shi ke nan.

Anti Nas: Malam, a yi haƙuri. Na yi aiki a ɗakin jinyar waɗanda maciji ya sara. Ka ce wa manomi makari, gun mai magani zai nufa, a ɗaure ƙafa, a tsaga, a ba shi jiƙo. Kububuwa kuwa jini take hanawa daskarewa. Mukan ɗebi jinin a kwalbar gilashi, in minti 20 ya wuce bai daskare ba mun san dafi ya shiga. Mutum na tafiya da ƙafarsa, dasashi na zubar da jini. Ba banza aka ce mata gobe-da-nisa ba. Dole kalmar ta tura mutum asibiti, irin asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. A sa allura a ciki.

Baban Sadiya: Wato mu bar kalmarmu don wasu sun ɓata ta? Haka muka yi ta zubar da harshen nan.

Na Maraɗi: Mu nan saram likita ke cewa, kowa ya gane.

Baban Sadiya: Faransanci ke nan. Mun gudu daga Turanci mu faɗa wani?

Na Maraɗi: To asibiti da kuke faɗa fa, daga ina ya zo? Allurar ma aron Larabci ce. Sai namu aron ne laifi? Kullum Hausar Kano ce ma'auni.

Baban Sadiya: Ni Bakatsine ne, ɗan uwa, kar ka jingina ni da Kano.

Ɗan Gombe: Jama'a, baiwar Allah tana da shiri da safe. Kuma saram ɗin ma ruwan jini yake nufi, don daga jinin doki ko tunkiya ake haɗa ta bayan an saba musu da dafin.

Maman Ilham: Na gode duka. Zan buɗe da "allurar makarin dafi ta asibiti", daga nan in riƙa cewa allurar dafi. Gamsheƙa kuma zan faɗa tare da kumurci saboda masu saurare na wasu garuruwan.

Anti Nas: Allurar dafi kamar dafin ake zuba wa mutum. Ki ce allurar karya dafi. Ki kuma roƙe su kada su tsaya neman macijin.

Baban Sadiya: Ta yi tsawo. Amma tunda makari ya shiga, na bari zuwa bayan shirin.