Ƙarfen ƙugu: mai siminti ko wanda aka yi wa feshi?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. Shekarata 34, ina da sikila, likita ya ce kan ƙashin cinyata na hagu ya mutu don jini ba ya isa wurin, sai an sa na ƙarfe. Akwai wanda ake kafawa da siminti, akwai wanda aka fesa wa wani gari wai shi hydroxyapatite, ƙashi ne zai tsiro ya kama shi da kansa, kuma shi likitan ya fi karkata ga na biyun. Dan Allah mai sikila da aka sa wa irinsa nake son ji.

Baban Yara: Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Hajiyarmu mai siminti aka sa mata tana da shekara 78, washegari aka tsayar da ita. Ki karɓi siminti kawai.

Injiniya: Yaya ai tsoho daban, ƙashinsa ya yi taushi shi ya sa ake sa masa siminti. Garin nan irin sinadarin da ke cikin ƙashinmu ne, kalsiyam da fosfet, ana hura shi cikin wutar plasma mai zafin sama da digiri 10,000 ya narke ya manne a jikin ƙarfen titanium, kaurinsa kamar silin gashi. Tun 1985 ake sa wa mutane a Ingila.

Mai Sanda: Ni mai feshin aka sa min, kuma wlh har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata takwas ina lafiya, sai zazzaɓi da ruwa yana tsatsowa daga ɗinkin, ashe ƙwayar cuta ta shiga, da aka zo cirewa ƙarfen ya riga ya kama ƙashi gam sai da suka tsaga cinyar, na yi wata huɗu matata ce ke kai ni bayi. Abin da ake yabonsa da shi, shi ya wahalar da ni.

Anti Nas: Sannu bawan Allah, amma ƙwayar cuta ba ruwanta da feshi, mai siminti ma tana kamawa, kuma kankare siminti daga cikin ƙashi ba wasa ba ne. Mai shekara 34 dole a yi mata tunanin aiki na biyu nan gaba.

Mai Sanda: Anti ke a gefen gado kike tsayawa, ni a kai na kwanta.

Baban Yara: Kuma mai feshin ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Anti Nas: Ƙanena kuɗi ɗaya aka faɗa masa duka biyun.

Ɗan Auta: Ni dai tambayata, in Maman Biyu ta je filin jirgi na'ura za ta yi ta kuka ko? 😂

Mai Sanda: Bari kai dai, wace takarda ma za ta nuna? Ni ko sunan ƙarfen ba a rubuta min ba, likitan da ya yi aiki na biyu sai a hoto ya dinga laluben wane iri ne.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne, kowane ƙarfe da sitikarsa yake zuwa mai suna da lamba, a fayil ake mannawa, haƙƙinka ne a ba ka kwafi.

Baban Yara: Mu fayil ɗin Hajiya ma cewa aka yi ya ɓata gaba ɗaya.

Maman Biyu: Na gode duka, zan nemi sitikar. Amma har yanzu ba mai sikila a nan ne? Ranar Litinin zan ba likita amsa.