Cinikin Chris Sale: riba Boston ta ci ko faɗuwa ta yi?

Alhaji Garba: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya ina nan a kanta, duk cinikin da Red Sox, kulob ɗin besbol na Boston, suka yi a shekarun nan babu wanda ya kai na Chris Sale riba. A Disambar 2016 suka ba White Sox na Shikago yara huɗu, Yoan Moncada da Michael Kopech da wasu biyu, suka karɓo mai jifa guda ɗaya, shekara biyu ba ta cika ba kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, ya shigo Boston. Mai ja ya fito.

Nura na Bronx: Wa alaikumus salam. Alhaji da girmanka amma ni kam ina da ja. Kofin 2018 ba Sale ne ya ɗauko shi ba fa, kafaɗarsa ta dame shi tun daga bazara, ana cikin wasannin da Houston ma sai da aka kwantar da shi asibiti saboda ciwon ciki, wasan farko na World Series bai gama zagaye na biyar ba aka cire shi. David Price da Nathan Eovaldi su suka sha wahalar jifa, Steve Pearce kuma shi aka ba gwarzo. Kulob ɗin da ya ci wasa 108 a kaka ɗaya ai ba mutum ɗaya ne ya ɗauke shi a ka ba

Alhaji Garba: To wasa 108 ɗin daga sama suka faɗo? A 2017 mutumin nan ya yi sitirayik'awut 308, rabon da wani ya kai 300 a American League, gasar da Boston ke ciki, tun Pedro Martinez a 1999. Shekarar kofin ma ya ci 12 ya faɗi 4 kacal. Kuma ka tuna daren ƙarshe a filin Dodgers na Los Angeles, zagaye na tara wato na ƙarshe, wa aka kira ya rufe wasa? Mutum uku suka fito, ukun duk ya sallame su, na ƙarshensu Manny Machado ya kai wa ƙwallon duka ya kuskure har sai da ya durƙusa kan gwiwa ɗaya. Wallahi har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Shamsu: Ku yi haƙuri yayyena ni sabo ne a harkar besbol, ƙwallon ƙafa na sani. Wato ba kuɗi ake biya a sayi ɗan wasa ba? kuma mene ne sitirayik'awut ɗin

Maman Ilham: Shamsu ƙanina, a nan yawanci musaya ake yi, mutum da mutum. Kulob mai neman kofi yanzu-yanzu yakan ba da yaransa masu tasowa ya karɓi wanda ya riga ya goge, kamar ka ba da maruƙa huɗu a ba ka bijimin da zai ja garma a daminar bana. Sitirayik'awut kuma shi ne mai jifa ya fitar da mai bugu da jifa uku da ya kasa bugawa. Ni a Shikago nake, mu aka ba maruƙan, don haka ku bar ni in faɗi yadda abin ya kasance a wajenmu. Lokacin mun yi murna ƙwarai, Moncada ana cewa babu yaro mai tasowa kamarsa a duk Amurka, Boston da kanta dala miliyan 31.5 ta ba shi da ya fito daga Kuba, ta kuma biya harajin wani kamar haka a kai. Kopech kuwa jifansa na wuce mil 100 a awa. To me muka gani? Moncada ya yi kaka ɗaya mai kyau sosai a 2019, daga nan yau ciwo gobe ciwo. Kopech yana fara wasa a 2018 gwiwar hannu ta tafi aka yi masa tiyata, ƙarshe a 2024 aka tura shi Dodgers ya je can ya ci kofi da su, mu kuma a wannan shekarar wasa 121 aka cinye mu. Ɗari da ashirin da ɗaya fa jama'a. Abin ya yi min ciwo ba kaɗan ba.

Alhaji Garba: Madalla Hajiya, ga shaida daga bakin mai abin.

Nura na Bronx: Tsaya tukuna Alhaji. Don yaran ba su yi abin da aka zata ba, ba shi ke nuna Boston ta fita lafiya ba. A Maris 2019 suka ƙara wa Sale kwantiragin shekara biyar kan dala miliyan 145, mutumin da kowa ya ga kafaɗarsa na ba shi matsala. Sai me ya biyo baya, 2020 tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John bai yi wasa ko ɗaya ba, 2022 haƙarƙari ya tsage, yana dawowa ƙwallo ta karya masa ɗan yatsa a filin Yankees, yana jinya kuma ya faɗo daga keke ya karya wuyan hannu. Daga 2020 zuwa 2023 wasa 31 ya fara gaba ɗaya, alhali a 2017 kaɗai ya fara 32. Kuma a tsakiyar wannan ne suka ce kuɗi sun yi musu yawa suka sallama tauraron ɗan wasansu Mookie Betts ga Dodgers a 2020. Mookie fa!

Malam Isuhu: Nura ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ciniki daban, ƙarin kwantiragi daban. Abin da Boston ta saya a 2016 shekara uku ne na Sale a farashi mai sauƙi, dala miliyan 12 aka biya shi a 2017, kuɗin da mai jifa irinsa ba zai ko kalla ba a kasuwa. Wannan arhar ce ma ta sa White Sox suka iya neman yara masu tsada haka. A cikin shekara ukun an samu biyu masu kyau da kofi. Miliyan 145 ɗin shawara ce ta daban da Dave Dombrowski, shugaban harkokin wasa na kulob ɗin a lokacin, ya yanke daga baya, babu wanda ya tilasta shi, zai iya jira ya ga yadda hannun zai kasance a 2019 kafin ya sa hannu a takarda.

Nura na Bronx: Malam a takarda daban ne, a zuciyar shugaban kulob ba daban ba ne. Wanda ya zubar da yara huɗu kan mutum, mutumin kuma ya rufe masa wasan kofi, da wane ido zai kalli mutanen Boston ya ce ya bar shi ya tafi? Duk mai sayen babban mai jifa ya sani kwantiragi na biyu na nan na jiransa, dole a sa shi cikin lissafi tun farko. Shi kansa Dombrowski ai a Satumbar 2019 aka sallame shi, shekara bai cika da cin kofi ba.

Maman Ilham: A nan kam Nura yana da gaskiya rabi. Amma ni ku tambaye ni, a ba ni kofi ɗaya a haɗa min da shekara huɗu na asara na karɓa hannu bibbiyu. Rabonmu da kofi tun 2005, mun shiga wasannin ƙarshe a 2020 da 2021 duk zagayen farko aka koro mu. Yaro mai tasowa alkawari ne kawai, ko ya cika ko kar ya cika.

Shamsu: To shi Sale ɗin yanzu ya daina wasa kenan?

Malam Isuhu: Ina fa. A ƙarshen 2023 Boston ta gaji ta miƙa shi ga Atlanta, ta karɓi Vaughn Grissom, har da ƙarin dala miliyan 17 ta bi shi da su. Yana zuwa lafiya ta samu, 2024 ya ci 18 ya faɗi 3, ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa, wadda bai taɓa samu ba a Shikago ko a Boston.

Alhaji Garba: Wannan ne cinikin da ya kamata a zage su a kai, ba na 2016 ba. Sun biya kuɗin jinya shekara huɗu, mutum na warkewa suka kai wa wasu, har da guzuri.

Nura na Bronx: Haba Alhaji, a ranar da aka yi wannan cinikin mutum nawa ne a Boston suka yi kuka? Kowa cewa yake gara a rabu da shi. Yanzu da ya ci Cy Young ne kowa ya zama mai hangen nesa. In za ka auna na 2016 da kofin da ya biyo baya, ni ma ka bar ni in auna shi da miliyan 145 da tafiyar Mookie, ba ka ɗauki mai daɗin ka bar min mai ɗacin ba.

Alhaji Garba: Na yarda a auna duka. Ka kawo min sunan kulob ɗaya da zai ƙi kofi don ya riƙe Moncada da Kopech, ina nan ina jira.