Musayar Waƙa: Yawon Bas Daga Marakesh Zuwa Warzazat ta Kan Dutsen Atlas

Mai Neman Sani

Sallama gare ku, masana hanya,
Ga tambaya, ku warware mini ɗaya-ɗaya.
A Maroko ana tallar yawon bas na yini ɗaya,
Daga Marakesh a hau Atlas a kewaya,
A ga Ait Bin Haddu, tsohuwar alkarya,
A taɓa Warzazat, sannan a juyo baya.
Shin yini guda zai ɗauki wannan tafiya?
Me ake shiryawa don a je a dawo lafiya?

Jagoran Hanya

Ƙanina, tambayarka ta yi ma'ana,
Riƙe alƙalami, lissafi ne abin farawa.

Kar ka ƙirga wuraren da ke jikin talla,
Ƙirga awannin da ƙafarka ke takawa.

Marakesh zuwa Warzazat, kilomita
Kusan 200 ne, ban da na dawowa.

A miƙaƙƙiyar hanya wannan ba komai ba ne,
Amma nan dutse ne, bas ba ya rugawa.

Awa 4 zuwa, awa 4 komowa,
8 ke nan kana zaune, gari na wucewa.

In yinin awa 12 aka tsara maka,
4 suka rage, su ne na rabawa.

Cire 1 ta cin abinci, cire tsaye-tsayen
Ban ɗaki da hoto da jiran masu makarawa,

Abin da zai saura wa tsohon garin
Da ƙyar ya kai awa 2, ko an yi kulawa.

To kafin ka biya, tambayi mai tikiti:
Minti nawa ne a Ait Bin Haddu na tsayawa?

In ya ce maka "isasshe", bai ba ka amsa ba,
Lamba kake so, a rubuce, ta tabbatarwa.

Wanda ya jera wurare 6 a yini guda,
Ta taga zai nuna maka su, ba saukowa.

Shawarata, in aljihu da kwanaki sun yarda,
Ɗauki na kwana 2, da dare guda na hutawa.

Ka kwana can, ka shiga garin da sassafe,
Kafin motocin rana su fara isowa.

Tsohon Direba

Malam Jagora, ka yi lissafin lokaci,
Bari in ɗora da na inji da na birki.

Hanyar N9 ce, in an bar Marakesh
Fili ne tukuna, mota na tafiya da sauƙi.

An wuce Ait Urir sai hawa ya soma,
Bayan Taddart nan ne ainihin aiki.

Lanƙwasa bisa lanƙwasa har mashigin dutse, Tizin Tishka,
Mita 2,260, iska na dukan jiki.

Sojan Faransa suka fasa ta a 1936,
Daga baya an faɗaɗa, an yi gyara na kirki.

Hawa ba ya tayar wa direba hankali sosai,
Gangara ce ke tona asirin mai son birki.

Bas cike da mutum 50 da kayansu,
Nauyinsa kaɗai ya isa ya ingiza shi da ɗoki.

Wanda ya ɗora ƙafa ya ƙi ɗagawa,
Ƙarfen zai ɗau zafi, zafin ya taru a ciki.

In ya yi zafi kamunsa ya ragu,
Ana takawa da ƙarfi, shi ko ya daina aiki.

Gwani tun daga sama yake sa ƙaramar giya,
Inji ya riƙe mota, a sauka daki-daki.

Manyan bas na da na'urar rage gudu ta daban,
Ita ke ɗaukar nauyin, ta hutar da birki.

Fasinja ma yana da nasa abin lura:
In ka ji ƙauri, ko ka hango hayaƙi,

Faɗa wa jagora nan take a tsaya,
Wannan ba wurin kunya ba ne ko kame baki.

Kafin ka hau, zaga ka dubi tayoyi,
In zanensu ya shafe, kar ka shiga ciki.

Ɗaura bel ko da na kusa bai ɗaura ba,
A kwana mai kaifi shi ke riƙe jiki.

Jaka mai nauyi a sa ta a but na ƙasa,
Ta saman kai takan faɗo in an ci birki.

A Turai doka ce, tuƙin awa 4 da rabi,
Sai hutun minti 45 a miƙe jiki.

Ma'auni ne mai kyau ko'ina aka je,
In direba ya tsaya hutawa, ku daina tsaki.

Ma'aikaciyar Jinya

Sannu da ƙoƙari, Baba Direba,
Ka gama da mota, saura fasinja a duba.
Jiri da amai a kwanonin hanya ba ragwanci ne ba,
Ido da kunne ne labarinsu ya saɓa.

Kunnen ciki na jin ana juyi da lilo,
Ido na kan waya, bai ga motsi ba.
Ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata,
Sai zufa, sai miyau, sai na ciki ya zuba.

Matakin farko, nemi kujerar gaba,
Ta baya ta fi lilo, ba ta mai jiri ce ba.
Kafa ido can nesa, kan hanya ko kan tsauni,
Waya da littafi a ajiye, ba yanzu ba.

Jingina kai ya zauna daram a kujera,
Buɗe iskar sama, fuskarka ta taɓa.
Ƙwayar hana jiri, minti 30 zuwa 60
Kafin tashi ake sha, ba bayan ya soma ba.

Tana sa barci da bushewar baki,
Mai ciki da mai shan wani magani, likita ya duba.
Kar ka hau da yunwa, kar ka cika tumbi,
Abu marar maiƙo ya isa, ba da yawa ba.

Leda 2 a kusa, da ruwa lita 1 da rabi,
Kurɓi kaɗan-kaɗan, ba ɗurawa ba.
Kunne zai toshe a hawa da gangara,
Matsin iska ne ya sauya, ba ciwo ba.

Haɗiyi miyau, yi hamma, ko tauna cingam,
Jariri a ba shi mama, kukan ba zai daɗe ba.
Ciwon tsauni yakan fara ne sama da mita 2,500,
Tishka da tsayinta ba ta kai can ba.

Amma mai ciwon zuciya ko asma ya taka a hankali,
Maganinsa a jakar hannu, ba a but ba.

Mai Neman Sani

Na gode Baba, na gode Yaya,
Saura biyu, ku ƙara mini haske kan hanya:
Marakesh da zafi, me za a sa a jakar baya?
Kuma me ake kallo in an isa alkarya?

Jagoran Hanya

Ɗauki rigar sanyi ko da gari na ƙuna,
Dutse da kwari ba sa tarayya a yanayi.

Duk mita 1,000 da ka hau, ma'aunin zafi
Kan sauka digiri 6 da rabi, haka yake yi.

Marakesh ba ta kai mita 500 ba,
Zuwa Tishka kusan digiri 12 ne sauyi.

Ƙara da iskar da ke kaɗawa a mashigin,
Mai riga ɗaya zai koma mota da rawar sanyi.

Sa tufafi sirara 2 ko 3 a jere,
Ka cire ka mayar, sun fi guda mai nauyi.

Daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara kan sauka,
A sa shinge a rufe hanya, motoci su yi layi.

Kar ka sa jirginka a daren ranar yawon,
In dutse ya riƙe ku, ba abin da za ka yi.

Tubƙal mai mita 4,167, mafi tsayin Atlas,
Hanyarsa daban ce, wannan bas ba can ya yi.

Magini

Ku ba magini wuri, Malam, an zo fagensa,
Ait Bin Haddu gari ne na jar ƙasa.

Yana jingine da tudu a bakin kogin Unila,
Gida bisa gida, ganuwa a gindinsa.

A da zango ne na ayarin da ke ƙetare Sahara,
Su nufi Marakesh da kaya daga nesa.

UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya
A 1987, saboda irin gininsa.

Gine-ginen da ke tsaye yau, mafi tsufansu
Na ƙarni na 17 ne, salon ko ya girmi zamaninsa.

Ga yadda ake ta da bangon, ku duba da kyau:
Allon katako 2 ake kafawa, hagu da damansa,

A zuba ƙasa mai ɗan danshi a tsakani,
Mai madaɓi ya daka ta da dukkan ƙarfinsa.

A kwance allo, a matsa gaba, a sake,
Layi ya sha iska kafin a ɗora na bisa.

Ƙananan ramukan da ke jere a jikin bango
Gurbin sandunan allon ne, kowane da layinsa.

Can sama kuwa ɗanyen tubali ne, marar nauyi,
Da shi ake ƙawata soro da zane a goshinsa.

Bango mai kauri a ƙasa, yana siranta in ya hau,
Don gindi ya iya ɗaukar abin da ke kansa.

Kaurin nan ke tare zafin rana da yini,
Ya sako shi da dare, ɗaki ya ji ɗuminsa.

Abokin gabarsa ruwa: in indararo ya toshe,
Rufi ya jiƙe, itace ya ruɓe a cikinsa,

Yaɓe ya zube, ruwa ya ci gindin bango,
'Yan shekaru ba gyara, sai a ga faɗuwarsa.

Shi ya sa rai ke ɓaci in baƙo ya zo
Ya haye katanga don hoto, yana wasa.

Abin da takalmi ya ɓantare a daƙiƙa,
Wani ne zai kwaɓa ƙasa ya biya da guminsa.

Yawancin iyalai sun koma sabon gari a ƙetare,
Kaɗan suka rage, kowa da ƙofarsa.

Gidan da ke da mutane, yi sallama tukuna,
Kar ka ɗau hoton mutum sai da izininsa.

An sha ɗaukar fina-finai a garin nan,
Tambayi jagora wanne gini ne na asalinsa.

Ka hau har rumbun da ke ƙololuwar tudu,
Inda a da gari ke ɓoye hatsi ranar tsoronsa.

Minti 20 zuwa 30 ne hawan, ba gaggawa,
Matakala ba daidai ba, tsakuwa na zamewa ƙasa.

Silifa ba ta wannan aiki, nemi takalmi
Mai rufe ƙafa, da zane a tafinsa.

Hajiya Mai Lissafi

Malam Magini, ka cika, ka ba mu ilmi,
Ni kuma ga batun aljihu da abin biya.

Farashin talla sau da yawa na mota ne kawai,
Abinci da kuɗin shiga ba su ciki, yi tambaya.

Jagoran cikin gari ma wani lokaci daban ne,
A ce kowa ya ba da nasa bayan an tsaya.

To a rubuta maka kafin ka miƙa kuɗi:
Abin da ke ciki, wurin ɗauka, lokacin juyowa baya,

Da abin da za a yi in dutse ya rufe,
A mayar da kuɗi ne, ko a ɗaga tafiya?

Tambayi yawan kujeru, ƙaramar bas mai 17
Ta fi mai 50 saurin cika da saurin juya.

Tambayi harshen jagora, kar a yi ta bayani
Da Faransanci, kai kana zare ido a baya.

Riƙe ƙananan dirhami a aljihun kusa,
Ban ɗaki da tukuici ba a yi da kati ko waya.

Za a tsaya shagon man argan ko na darduma,
Sau da yawa da la'ada a ciki, wannan gaskiya.

Ba laifi ka duba ka fito hannu rabbana,
Ba wanda ya wajabta maka ka saya.

Illarsa lokaci ce, minti 40 a shago
Daga rabon tsohon gari aka yanke su gaba ɗaya.

A bakin Tishka ana tallar duwatsu fasassu,
Ciki ja jawur ko shuɗi, suna walƙiya.

Jiƙa yatsa ka goga a cikin ramin,
In launi ya biyo hannunka, rini ne, ƙarya.

Jagoran Hanya

Hajiya ta gama da kuɗi, saura ƙa'idar ayari:
In an sauka, ji wuri da lokacin haɗuwa.

Ɗauki hoton lambar bas da wayarka,
Farare ne da yawa a fili, suna ruɗarwa.

Karɓi lambar jagora, sa ƙararrawa
Minti 10 kafin lokacin komawa.

Mutum 1 in yana makara minti 15,
A zango 4 awa ce cur ke zubewa.

Mai hoto ta taga, manna waya da gilashi,
Kashe fitila, inuwar ciki ta daina fitowa.

In an ba ka zaɓi, akwai hanyar Telwet,
Kusa da mashigin take rabuwa,

Ta bi kwarin Unila har Ait Bin Haddu,
Siririya ce, ƙaramar bas ta fi dacewa.

A Telwet ne fadar gidan Gilawi, masu riƙe da hanyar a da,
Ayari na biyan su kafin wucewa.

Tuhami Gilawi, Basha, wato gwamnan Marakesh,
A 1956 ya rasu, fadar ta shiga lalacewa.

Waje ya zube, amma ɗakunan baƙi na ciki
Da tayil da sassaƙen itace, sun isa dubawa.

Tambayi ko a buɗe take kafin ka zaɓa,
Tsohon gini akan rufe shi don gyarawa.

A Warzazat kuwa fadar Taurirt ce abin shiga, in tana buɗe,
Minti 45 sun isa zagayawa.

Tsohon Direba

Malam, ƙara musu wannan a kan komowa,
Da gajiyar yamma ake yin rabin aiki.

Lokacin sanyi a bar Warzazat kafin ƙarfe 3,
A gama kwanonin da sauran haske, cikin sauƙi.

In rana ta faɗi, ruwan da ya narke a kwalta
Yakan daskare a inuwa, taya ta ƙi jin birki.