Shawarwari kan shirya tseren karnuka a dusar ƙanƙara

To ga dai abin da na tsinta a wata tattaunawa ta masu shirya tseren karnuka masu jan amalanke a kan ƙanƙara, irin tseren Iditarod na jihar Alaska ta Amurka da aka fara a 1973, wajen mil 1,000 har zuwa garin Nome, kuma mafi yawan aikin 'yan sa-kai ne ke yinsa.

Kusan kowa dai a kan maganar zango, wato wuraren da ake yada zango a hanyar tseren, ya fi tsayawa. Wai tun kafin a tashi sai an kai buhunan abincin karnuka da ciyawar da za su kwanta a kai da 'yan safar ƙafarsu kowane zango, kuma da yake yawancin ƙauyukan ba titin mota, ƙananan jirage ne ke wannan jigila, su ma matuƙan sa-kai suke yi. Likitan dabbobi kam ba a wasa da shi, shi ke duba kare ya ce wannan ya gaji a bar shi nan a mayar da shi gida. Hutu ma dole ne, a Iditarod akwai na awa 24 ɗaya da na awa 8 guda biyu.

An ɗan yi musu kan 'yan sa-kan, wasu suka ce a tara su da yawa kawai, ni dai ina bayan masu cewa a raba musu aiki da lokacin barci tun da wuri, don mutumin da ya kwana biyu ido biyu cikin wannan sanyin shirme zai yi wallahi.

Sai a tanadi wata hanyar ko da ƙanƙara za ta yi ƙaranci, a Iditarod ɗin 2015 da 2017 ai dole ta sa aka koma garin Fairbanks da ke can arewa aka tashi daga can maimakon inda aka saba.