Hajiyarmu ta faɗi, in sayar da Pragya ko in riƙe?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kaina ya kulle. Ranar Talata ta makon jiya da asuba mahaifiyata tana dama koko, sana'arta shekara 20 a bakin titi, sai ludayi ya suɓuce mata. Ƙanwata ta ga bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. A bayan Pragya ta, babur mai ƙafa uku da nake haya da shi, na kwantar da ita muka yi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Ashe wata huɗu ke nan da ta ajiye maganinta, wai ta ji sauƙi, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Yau kwana tara. Da hoton kai da gwajin jini da magunguna mun haura sidi 6,000, kuɗin Ghana. Katin NHIS ɗinta, na inshorar lafiya, ya mutu tun bara, ni ma laifina ne, ban taɓa dubawa ba. Susu, wato adashe, na karɓe tun kafin lokacina. Yayana na Italiya ya turo 1,500, daga nan waya ta daina shiga. Yanzu wani a Asawase, nan Kumasi, ya taya Pragya 20,000, kuɗi a hannu. Watan jiya na gama biyan ta. In sayar?

Maman Sadiya, Sawaba:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka sayar. Mijina ya yi wannan ciwo shekara uku, na san abin da nake faɗa. Kuɗin asibiti da kake gani yanzu somin taɓi ne, ainihin hidimar tana gida bayan sallama. Pampers na manya, maganin hawan jini kowane wata, kai ta wajen masu motsa mata gaɓoɓi sau biyu a mako. Ni keken ɗinkina na sayar, kuɗin bai kai wata biyu ba, na zauna ba keke ba kuɗi. Kai kuma da me za ka riƙa kai ta asibitin, a trotro, motar haya? Mutumin da ba ya iya ɗaga ƙafa?

Ku riƙa juya ta duk bayan awa biyu, har cikin dare. Gyambon kwanciya ya fi shanyewar wahalar da mu.

Baba Alabar:
Yau ɗin nan ka danna *929# ka sabunta mata katin inshorar da MoMo, kuɗin waya. Namu da ya daɗe da mutuwa sai da muka jira wata guda kafin ya fara aiki, amma ko don maganin wata-wata ka yi. Sannan ka tambayi ofishin Social Welfare, masu kula da marasa ƙarfi, a cikin asibitin, ka je da takardun kuɗin duka. Mu sun bar mu mun biya kaɗan-kaɗan. Ka kuma gaya wa limaminku ya yi sanarwa ranar Juma'a.

Ɗan Aboabo:
Baba, sanarwar nan ce ke min nauyi. Hajiya ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. In ta warke ta ji an kira sunanta a lasifika, ba za ta yafe min ba.

Maman Sadiya, Sawaba:
To ba sai an kira suna ba, a ce wata baiwar Allah. Ka kuma samu magajiyar ƙungiyarsu, matan da take zuba musu kuɗin suna da biki duk shekarun nan. Wannan ba bara ba ce, bikinta ne ya zo. Kuma za su zo maka da jiƙe-jiƙe da rubutu, kowa da nasa mai magani. Addu'a dai a yi, amma kada wani ya sa ku ajiye ƙwayar likita.

Ɗan Aboabo:
Na gode Mama, na gode Baba. Na sabunta katin, mai sayen kuma na ce masa ya dakata. Ƙanwata za ta kwana da ita, ni in fita aiki da asuba in karɓe ta da azahar. Ɗazu Hajiya ta matse min yatsa da hannun hagu, ta yi ta nuna ƙofa. Mun daɗe kafin mu gane tukunyar kokon take tambaya, ko an wanke.