Allurar seleniyam ta kashe min 'yan raguna

Mai Kiwo: Jama'a ku taya ni jin takaici. 'Yan raguna uku na yi wa allurar bitamin E da seleniyam, don ƙafafunsu sun saki, ko nono ba sa iya tashi su sha. Kafin la'asar biyu sun fara haki, kumfa a hanci, da asuba sun tafi. A jikin kwalbar an rubuta sodium selenite, wato wani nau'in seleniyam. Guba kawai ake sayar mana da sunan magani.

Dakta: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka janye kalmar guba, seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan, rashinsa ma kisa yake yi. Tun 1957 masanin kimiyya Klaus Schwarz ya nuna ɗan mitsitsin seleniyam yana hana hantar ɓeraye lalacewa, a 1958 kuma a Oregon ta Amurka aka ga yana kare 'yan tumaki daga ciwon da ke sa tsokarsu ta yi fari su kasa tashi. Nawa ka ɗura musu?

Mai Kiwo: Yadda mai shago ya ce.

Ɗalibar Jami'a: Dakta, da girmanka, guba ce mana. Da ita ake jawo yanar ido da gangan a ɗakin gwaji. Jaririn ɓera ɗan kwana goma, ido bai ko buɗe ba, a yi masa allura ɗaya ƙarƙashin fata, ranar da ya buɗe ido sai ka ga tsakiyar ƙwayar fari fat kamar an ɗiga madara. Tun 1978 aka fito da dabarar a Chekoslobakiya, har yau da ita ake gwada magungunan yana.

Dakta: 'Yata, kin ɓoye rabin karatun. Yi wa babban ɓera ki gani ko zai yi yanar.

Malamin Hausa: Duk kun kauce. Guba ci ake yi ko a sha. Abin da aka soka a jiki dafi ne.

Ɗan Birni: To Malam, mai shagon kububuwa ne ke nan?

Malamin Hausa: Kai yaro, da yayanka na yi aji ɗaya. Iya bakinka.

Ɗan Birni: Afuwan. Amma Finland tun 1984 take zuba seleniyam ɗin nan a takin zamani. Da guba ce da tuni sun ƙare.

Ɗalibar Jami'a: Selenate suke sawa, wani nau'in ne daban, ba selenite ba.

Ɗan Birni: Harafi ɗaya ne zai raba mu?

Mai Doki: Ku tambayi 'yan folo. A 2009 a Florida dawaki 21 na wata ƙungiyar Benezuwela suka zube gab da wasa, saboda an yi kuskuren awon seleniyam wajen haɗa musu maganin ƙarin kuzari. Ashirin da ɗaya! Allurar nan ko kusa da bargata ba za ta zo ba.

Dakta: Ai ka faɗa da bakinka, kuskuren awo. Shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsayar da abin da za a ƙara a miligiram 0.3 cikin kowane kilo na abincin dabba.

Mai Doki: Ku likitoci ba ku taɓa laifi, kullum mai dabba ne jahili.

Dakta: Wa ya ce jahili? Nuna min inda na rubuta.

Malamin Hausa: Har yanzu ba wanda ya amsa batun dafi.

Admin: To ya isa haka. Ni da na shekara goma sha biyar ina sayar da maganin dabbobi, abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda ba guba ba ce, Dakta ya kawo hujja, sauran kuwa labarin ɓeraye ne da dawakin masu kuɗi. A daina ɗora wa masu shago laifi.

Ɗalibar Jami'a: Kusan kowa? Mutum biyu fa.

Mai Kiwo: Ni dai na ukun yana nan kwance a zaure, numfashinsa sai warin tafarnuwa. Dakta, in kawo shi ko in kira mahauci?