Wai da gaske an hana 'yan Pakistan biza ne?

Ɗan_Sabongari: Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka. Ina da abokin kasuwanci ɗan garin Sialkot na Pakistan, wajensa nake saro almakashi da kayan tiyata shekara biyar kenan, mun yi da shi za mu haɗu a Dubai mu zauna kan lissafi sai ya ce min sau biyu yana neman biza ana hana shi kuma ba a faɗa mai dalili ba, ya ce ma ana ta rade-radin Amurka za ta rufe musu ƙofa. Wallahi abin ya dame ni, mutumin kirki ne. Doka ce aka yi ko me?

Malam_Jidda: Wa alaikumussalam. Alhaji maganar Amurka a Maris ɗin 2025 ta taso, jaridu suka fitar da jerin ƙasashen da ake shirin takura wa, da Pakistan a ciki. Amma da Trump ya sa hannu a watan Yuni ƙasa 12 aka rufe wa gaba ɗaya, akwai Afghanistan da Iran da Chadi da Sudan, babu Pakistan. Wadda ta soke musu biza kai tsaye Indiya ce, bayan harin Pahalgam a yankin Kashmir na 22 ga Afrilu 2025 da aka kashe mutum 26, har iyakar Wagah da ke tsakanin ƙasashen biyu aka rufe.

Hajiya_Maijidda: Na Dubai ɗin ne mai ciwo, don ba sa fitowa su ce sun hana, kawai ka cike komai ka biya kuɗi a dawo ma da shi. Maigidana da su yake aiki, ya ce yanzu sai mutum ya haɗa da takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da laifi. Abin da ya jawo ai masu zuwa da bizar ziyara su ƙi komawa ne, da masu shiga Saudiyya da bizar Umara su zauna bara, Saudiyya ta mayar da dubbai gida, shi ya sa ko a filin jirgin Pakistan jami'ansu na hukumar bincike ta FIA kan sauke mutum da bizarsa a hannu in ba su gamsu da bayaninsa ba. Laifin wasu ya shafi ɗan kasuwa mai neman halal ɗinsa, ni abin tausayi yake ba ni, don mu ma masu koren fasfo mun sha wannan a Dubai daga 2022 zuwa 2024.

Malam_Jidda: Haka ne Hajiya. Alhaji ka ce mai kar ya sake bi ta hannun ejan na bakin titi, ya samu kamfani mai rajista a can ya aiko mai da takardar gayyata, ya haɗa da bayanan asusun banki da tikitin dawowa. In ya ƙi, ka gayyato shi Kano ko kai ka nemi bizar Pakistan ta intanet.

Ɗan_Sabongari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina ga ni zan je, daman ban taɓa ganin masana'antar tasa da idona ba. Yau da daddare zan kira shi.